Shafi da wallafa a gidan yanar gizo

Shafi da wallafa su ne manyan nau'o'in rubutu guda biyu da ake ɗorawa a gidajen yanar gizo waɗanda aka gina da manhajar sarrafa abun ciki, irin su WordPress, Blogger, Ghost da Drupal. Wallafa ita ce rubutun da yake ɗauke da ranar da aka fitar da shi, kuma yake shiga jeri tare da sauran rubuce-rubuce, sabo a sama, tsoho a ƙasa. Shafi kuwa rubutu ne da yake zaune a wuri guda, ba ya cikin wannan jeri, kuma mai karatu yakan same shi ne ta hanyar jerin zaɓi da ke saman gidan ko ƙasansa. A fuskar WordPress ta Turanci sunayensu Page da Post, kuma masu amfani da intanet a ƙasar Hausa sukan kira na biyun da "fos" ko "fostin".

Ga idon mai karatu, shafi da wallafa suna iya yin kama ƙwarai, domin kowannensu yana da take, da rubutu, da hotuna, da adireshinsa. Bambancin yana ga yadda manhajar take tsara su: wallafa ana jera ta bisa lokaci, shafi kuma ana ajiye shi bisa matsayinsa a cikin tsarin gidan. Daga wannan ne sauran bambance-bambancen suka samo asali, kamar siffar adireshi, da rarrabawa zuwa rukuni, da wanda yake da izinin gyarawa.

## Tarihi

A farkon yanar gizo babu wannan rarrabewa. Tim Berners-Lee ya gabatar da shawarar kafa yanar gizo a shekarar 1989 a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da birnin Geneva na ƙasar Suwizalan, kuma gidan yanar gizo na farko ya buɗe ga jama'a a 1991. A wancan lokaci kowane rubutu fayil ne na HTML mai zaman kansa, wanda mai gidan yake rubutawa da hannu ya ɗora a kan sabar. Duk abin da ke yanar gizo shafi ne, kuma wanda yake son ƙara sabon labari sai ya buɗe fayil ɗin ya gyara shi da kansa.

A ƙarshen shekarun 1990 aka fara samun mutane masu rubuta abin da suka gani ko suka karanta kullum, suna saka sabon rubutu a saman tsoho. Jorn Barger ne ya raɗa wa irin wannan rubutu suna weblog a watan Disamba na 1997, sannan Peter Merholz ya gajarta sunan zuwa blog a 1999, wanda ake furtawa bulog a Hausa. A watan Agusta na 1999 kamfanin Pyra Labs ya fitar da Blogger, manhajar da ta ɗauke wa marubuta wahalar gyara fayil da hannu: mutum ya rubuta, ya danna maɓalli, manhajar ta saka kwanan wata ta ɗora rubutun a saman jeri. Google ya sayi Blogger a 2003. Movable Type, wadda Ben Trott da Mena Trott suka fitar a 2001, ita ma a kan wannan tsari take.

WordPress ta fito a ranar 27 ga watan Mayu, 2003, daga hannun Matt Mullenweg da Mike Little, waɗanda suka gina ta a kan wata tsohuwar manhaja mai suna b2/cafelog ta Michel Valdrighi. A farkonta wallafa kaɗai ta sani. Wanda yake son rubuta bayanin kansa ko hanyar tuntuɓarsa, dole ya saka shi a matsayin wallafa, wadda bayan 'yan makonni sababbin rubuce-rubuce za su binne ta, ko kuma ya ƙirƙiri fayil na daban a wajen manhajar. Siga ta 1.5, mai laƙabin Strayhorn, wadda ta fito a watan Fabrairu na 2005, ita ce ta kawo shafi. A siga ta 2.1 ta watan Janairu na 2007 aka ba mai gida damar ya zaɓi kowane shafi ya zama fuskar gidansa, maimakon jerin sababbin wallafe-wallafe. Waɗannan canje-canje biyu suna cikin abubuwan da suka sa makarantu da kamfanoni da ƙungiyoyi suka rungumi manhajar da asalinta ta masu bulog ce. Bisa ƙididdigar W3Techs, sama da kashi 40 cikin 100 na gidajen yanar gizo suna amfani da WordPress, shi ya sa mafi yawan mutane suke fara cin karo da wannan rarrabewa a cikinta.

## Wallafa

Wallafa tana da ranar fitowa da sunan marubuci, kuma yawancin gidaje suna nuna su a ƙarƙashin take. Da zarar an fitar da ita, manhajar takan saka ta kai tsaye a wurare da dama ba tare da marubucin ya yi komai ba: a saman jerin sababbin rubuce-rubuce, a taskar watan da shekarar da ta fito, a taskar marubucinta, da kuma a ƙarƙashin rukuninta. A WordPress, idan ba a canza saiti ba, jerin yana nuna wallafa goma ne a lokaci guda. Idan ta goma sha ɗaya ta shigo, mafi tsufa sai ta koma fuska ta biyu.

Ana rarraba wallafe-wallafe ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce rukuni, wato babban fanni kamar siyasa, wasanni ko noma. Rukuni yana iya samun ƙananan rukunai a ƙarƙashinsa, misali ƙwallon ƙafa da dambe a ƙarƙashin wasanni. Kowace wallafa a WordPress dole ta kasance cikin rukuni aƙalla ɗaya, kuma idan marubuci bai zaɓa ba, manhajar takan jefa ta cikin rukunin da aka tanada don waɗanda ba a rarraba ba. Ta biyu ita ce laƙabi, wato kalma ko 'yan kalmomi da ke nuna abin da rubutun ya taɓo, kamar sunan gari ko na amfanin gona. Laƙabi ba shi da manya da ƙanana, kuma ba dole ba ne. Ya shigo WordPress a siga ta 2.3 a watan Satumba na 2007.

Wallafa ce kuma take shiga RSS, tsarin da yake sanar da masu bibiya cewa an fitar da sabon abu. Kamfanin Netscape ne ya fara fitar da RSS a 1999, kuma a watan Disamba na 2005 aka amince da wani tsari makamancinsa mai suna Atom. Manhajojin karanta labarai da masu aika wasiƙar imel ga masu rajista suna dogara ne a kan wannan jeri. Saboda haka fitar da wallafa tamkar yin shela ne, domin labarinta yana isa ga mutanen da ba su ma buɗe gidan ba a ranar.

## Shafi

Shafi ba ya shiga jerin sababbin rubuce-rubuce, ba ya shiga taskar wata ko shekara, kuma ba ya shiga RSS sai an yi wani gyara na musamman. Manhajar tana adana ranar da aka ƙirƙire shi da sunan wanda ya ƙirƙira, amma yawancin gidaje ba sa nuna su. Ba shi da rukuni, ba shi da laƙabi. Don haka idan aka ƙirƙiri shafi ba a saka mahaɗinsa a jerin zaɓi ko a cikin wani rubutu ba, yana iya zama a gidan tsawon shekaru ba tare da masu ziyara sun san da shi ba.

Abin da shafi yake da shi wanda wallafa ba ta da shi shi ne tsarin uwa da 'ya'ya. Ana iya ajiye shafi a ƙarƙashin wani shafi, shi ma a ajiye wani a ƙarƙashinsa. A gidan yanar gizo na makaranta, alal misali, shafin "Game da mu" yana iya zama uwa, shafukan "Tarihin makaranta" da "Malamai" su zama 'ya'yansa. Ana kuma iya ba kowane shafi lamba domin a tsara wanda zai zo gaba da wanda zai biyo baya, ba tare da la'akari da wanda aka fara rubutawa ba.

Shafukan da aka fi samu su ne na bayanin mai gidan, na tuntuɓa, na ayyuka ko kayan sayarwa, na tambayoyin da aka saba yi, na sharuɗɗan amfani, da na manufar tsare sirri. Wannan na ƙarshe ya ƙara muhimmanci bayan dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, ta fara aiki a ranar 25 ga watan Mayu, 2018. A cikin watan ne WordPress ta fitar da siga ta 4.9.6, wadda ta ƙara wurin da mai gida zai ayyana shafin da ke ɗauke da manufarsa ta tsare sirri.

Sau da yawa ana kiran shafi da "tsayayye", amma wannan ba ya nufin ba a gyara shi. Shafin kuɗin makaranta yana iya canzawa kowane zango. Abin da yake tsaye shi ne wurinsa da adireshinsa. Idan bayani ya canza, ana goge tsohon ne a rubuta sabo a wuri ɗaya, alhali a tsarin wallafa ana barin tsohuwar yadda take, a fitar da wata sabuwa.

## Yadda manhaja take adana su

A cikin rumbun bayanai na WordPress, shafi da wallafa suna zaune a tebur guda, mai suna wp_posts. Kowane layi na teburin yana da gurbin take, da na rubutu, da na marubuci, da na kwanan wata. Gurbi ɗaya ne, mai suna post_type, yake faɗin ko layin shafi ne ko wallafa. A wannan tebur ɗin ne kuma ake ajiye bayanan hotunan da aka ɗora, da tsofaffin kwafin rubutu da aka gyara, da abubuwan da ke cikin jerin zaɓi. Gurbin post_parent yana riƙe lambar uwar shafi, gurbin menu_order kuma yana riƙe lambar jerinsa.

Wannan ya nuna cewa bambancin ba a jikin rubutun yake ba, yana ga dokokin da manhajar take bi wajen nuna shi. Lokacin da mai karatu ya buɗe adireshi, WordPress takan duba nau'in abin da aka nema, sannan ta zaɓi samfurin da za ta zuba shi a ciki. A jigogi na gargajiya, wato tsarin adon gida da aka rubuta da PHP, fayil ɗin single.php ne yake nuna wallafa, page.php kuma yake nuna shafi. Tun daga siga ta 5.0 ta watan Disamba na 2018, duka biyun ana rubuta su ne da edita guda mai suna Gutenberg, abin da ya sa sababbin masu amfani suke ƙara rikicewa, tunda fuskar rubutun kusan iri ɗaya ce.

## Sauran bambance-bambance

### Adireshi

A tsarin adireshi mafi sauƙi, adireshin wallafa a WordPress yana ƙarewa da ?p= da lamba, na shafi kuma da ?page_id= da lamba. Yawancin gidaje suna amfani da adireshi mai karantuwa ne maimakon wannan. A nan ana iya saka shekara da wata da rana a adireshin wallafa, kamar /2024/03/15/ kafin takenta. Adireshin shafi ba ya ɗaukar kwanan wata. Yana ɗaukar sunan uwarsa ne, kamar /game-da-mu/malamai/. A Blogger ma haka abin yake: adireshin wallafa yana ɗauke da shekara da wata, na shafi kuma yana farawa da /p/.

### Izini

WordPress tana da matakan masu amfani guda biyar a gida ɗaya: mai gudanarwa, edita, marubuci, mai ba da gudummawa, da mai rajista. Marubuci yana iya rubuta wallafarsa ya fitar da ita da kansa. Mai ba da gudummawa yana iya rubutawa, amma sai wani na sama da shi ya duba ya fitar. Dukansu biyu ba su da ikon ƙirƙirar shafi ko gyara shi, wannan na edita ne da mai gudanarwa kaɗai. Dalili shi ne shafi yana magana ne da yawun gidan gaba ɗaya. A jaridar da take da wakilai da yawa, kowane wakili yana iya aiko da labari, amma ba kowa ne zai canza lambar wayar ofis ko sharuɗɗan talla ba.

### Sharhin masu karatu

Wallafa takan zo da wurin sharhi a buɗe. Shafi ma yana iya karɓar sharhi, amma tun daga siga ta 4.3 ta watan Agusta na 2015, WordPress tana rufe sharhi a sababbin shafuka sai mai gida ya buɗe da kansa.

### Injin bincike

Injunan bincike irin su Google ba sa ganin rumbun bayanai na gida. Abin da suke gani shi ne adireshi da rubutun HTML da aka aiko musu, don haka kasancewar rubutu shafi ko wallafa ba ya ɗaga shi ko sauke shi a sakamakon bincike. Tasirin da ake samu ta bayan fage yake zuwa. Wallafa tana samun mahaɗai da yawa kai tsaye daga rukuni da taska, amma suna raguwa daraja yayin da take nisa da fuskar farko. Shafin da ke cikin jerin zaɓi kuwa yana da mahaɗi daga kowane lungu na gidan. Tun daga siga ta 5.5 ta watan Agusta na 2020, WordPress tana ƙirƙirar taswirar gida don injunan bincike, kuma tana raba jerin shafuka da na wallafe-wallafe.

## Zaɓi tsakanin su

Tambayar da masu gina gidajen yanar gizo suka fi amfani da ita ita ce ko ranar rubutun tana cikin ma'anarsa. Sanarwar ranar komawa makaranta, da sakamakon wasa, da rahoton farashin masara a kasuwa, ba su da amfani idan ba a san ranarsu ba, don haka wallafa ce ta dace da su. Adireshin asibiti, da lokutan ganin likita, da sharuɗɗan neman gurbin karatu, ana buƙatar su kasance daidai a duk ranar da aka duba, don haka shafi ne ya dace da su.

Kuskure a wannan zaɓi yana da illa a zahiri. Makarantar da ta saka kuɗin zango a matsayin wallafa, bayan shekara uku za ta tara wallafe-wallafe da dama masu adadi mabambanta, kuma uban da ya nemi bayanin ta injin bincike yana iya faɗawa kan tsohuwa ya biya kuɗin da bai cika ba. Ƙungiyar da take saka kowace sanarwa a matsayin shafi kuma, sanarwarta ba za ta isa ga masu bibiya ta RSS ba, kuma ba da jimawa ba za ta tara ɗaruruwan shafuka marasa rukuni waɗanda babu hanyar jera su bisa lokaci. Gidaje da yawa suna haɗa biyun ne: su ajiye cikakken bayani a shafi guda da ake sabuntawa, sannan duk lokacin da aka canza wani abu su fitar da gajeriyar wallafa mai mahaɗi zuwa shafin.

Akwai rubuce-rubucen da suke tsaka-tsaki, kamar dogon jagora kan yadda ake shuka albasa, wanda amfaninsa ba ya ƙarewa da wucewar lokaci amma yana cikin wani fanni. Da yawa sukan fitar da irin wannan a matsayin wallafa domin ya shiga rukuni. Domin kada ya nutse, ana iya liƙa shi a saman jeri, damar da WordPress ta ƙara a siga ta 2.7 a watan Disamba na 2008.

Ana iya mayar da wallafa shafi, ko shafi wallafa, ta hanyar ƙarin manhaja ko ta canza gurbin post_type. Sai dai sau da yawa adireshin yakan canza, kuma wanda ya bi tsohon mahaɗi yana iya samun saƙon kuskure mai lamba 404, wato ba a sami abin da ake nema ba. Maganin wannan shi ne a saka umarnin karkatarwa mai lamba 301, wanda yake kai mai karatu da injin bincike zuwa sabon adireshin.

## A wasu manhajoji

Drupal, wadda Dries Buytaert ya fitar a 2001, tana kiran kowane rubutu node, kuma siga ta 7 ta watan Janairu na 2011 ta zo da nau'i biyu a shirye, Article na rubutu mai lokaci da Basic page na rubutu tsayayye. Ghost, wadda John O'Nolan ya jagoranci fitar da ita a 2013, tana da shafi da wallafa kamar WordPress, amma laƙabi kaɗai take amfani da shi wajen rarrabawa. A Jekyll, wadda Tom Preston-Werner ya rubuta a 2008, babu rumbun bayanai: wallafa fayil ce da ake ajiyewa a jaka mai suna _posts, kuma dole sunan fayil ɗin ya fara da shekara da wata da rana, shafi kuma fayil ne da ke wajen wannan jaka. Joomla, wadda ta fito a 2005, ba ta raba su gida biyu ba. Kowane rubutu maƙala ne a wurinta, kuma jerin zaɓi ne yake ƙayyade ko za a nuna maƙala guda ita kaɗai ko jerin maƙaloli na wani rukuni.

WordPress kanta ta wuce nau'i biyu. Tun daga siga ta 3.0 ta watan Yuni na 2010, masu gina gida suna iya ƙirƙirar nasu nau'in rubutu cikin sauƙi, kamar kayan sayarwa, taruka ko littattafai, su zaɓa masa abin da suke so daga halayen shafi da na wallafa. Manhajar kasuwanci ta WooCommerce da wannan hanya take adana kayan shago.

## Ruɗani a kan kalmar shafi

A Hausar yau da kullum kalmar shafi tana ɗaukar ma'anoni da yawa. Kafafen labarai sukan ce "shafin intanet" suna nufin gidan yanar gizo gaba ɗaya, sukan kuma ce mutum "ya wallafa a shafinsa na Facebook" suna nufin asusunsa. Shafin Facebook, wanda kamfanin ya ƙaddamar a watan Nuwamba na 2007 don kamfanoni da ƙungiyoyi da fitattun mutane, wuri ne da ake tara wallafe-wallafe bisa lokaci, don haka ya fi kama da bulog sukutum fiye da shafin WordPress. Haka kuma a ma'anar fasaha, duk abin da burauza ta buɗe a adireshi guda shafin yanar gizo ne, ko da a cikin manhajar an adana shi a matsayin wallafa. Ma'anar shafi a matsayin kishiyar wallafa ta taƙaita ne ga manhajojin sarrafa abun ciki.

## Duba kuma

- WordPress
- Blogger
- RSS
- HTML
- Yanar gizo